Hayaƙin Man Inji Cikin Jiragen Sama: Abin Da Ya Shafi Fataken Agege

Duk wanda ya taɓa kwana a Agege ya san cewa ba a raba garin da rugugin jiragen sama. Filin jirgin sama na Murtala Muhammed yana maƙwabtaka da shi ta wajen Ikeja, jiragen da ke gangarowa daga arewa kuwa ta saman rufin gidajen wannan yanki suke bi kafin su taɓa ƙasa. Kakannin Hausawan da ke zaune a nan cinikin goro ne ya kawo su, jirgin ƙasa kuma ya zaunar da su tun farkon ƙarnin da ya wuce. Jikokinsu a yau, wato dillalan shanu na mayankar Oko-Oba, da masu kayan gwari na kasuwar Mile 12, da 'yan canji, da masu shigo da yadi da kayan lantarki, da yawa daga cikinsu sun mayar da jirgin sama abin hawansu na yau da kullum. Tafiyar da mota ke yi wuni da kwana daga Legas zuwa Kano, jirgi yana yin ta cikin kamar sa'a ɗaya da rabi, kuma halin da hanyoyin mota suka shiga na rashin tsaro ya ƙara tura masu ɗan hali zuwa ga jirgin.

Mutanen wannan yanki ba su buƙatar a gaya masu haɗarin faɗuwar jirgi. A Iju-Ishaga, nan kusa da su, jirgin kamfanin Dana ya faɗi ranar 3 ga watan Yuni na 2012, ya hallaka dukkan mutane 153 da ke cikinsa da wasu da ke ƙasa. Amma akwai wata matsala da ba ta da ƙara, ba ta kuma barin tarkace, saboda haka ba a cika jin ta a bakin fasinja ba, ita ce gurɓacewar iskar da ake shaƙa a cikin jirgi da hayaƙin man inji.

Wannan ba labarin ƙasashen Turai kaɗai ba ne. Ranar 18 ga watan Afrilu na 2017 wani jirgin kamfanin Aero Contractors ƙirar Dash 8, mai farfela biyu, ya taso daga Fatakwal zuwa Legas ɗauke da fasinjoji sama da 50. Yana cikin tafiya sai hayaƙi ya turnuƙe cikinsa, mutane suka shiga salati da addu'o'i, wasu na toshe hanci da tufafinsu. Allah ya kiyaye, matuƙan suka sauke shi lafiya a Legas. Da hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta wancan lokaci, AIB, ta kammala aikinta, sai ta bayyana cewa ba gobara ba ce. Man inji ne ya yoyo a kan wani sashe mai zafi na injin, tururinsa ya gauraya da iskar da ake ɗebowa daga injin zuwa na'urar sanyaya jirgi, daga nan ya bazu ko'ina har ɗakin matuƙa.

Mai karatu zai yi tambaya, me ya haɗa iskar numfashi da inji? Amsar tana cikin yadda aka ƙera jiragen. Jirgin fasinja yana tafiya ne a nisan ƙafa dubu 30 zuwa dubu 40 daga ƙasa, inda iska ta yi ƙarancin da ba za ta riƙe ran ɗan Adam ba, sanyi kuma yakan kai awo 50 ƙasa da sifiri. Dole ne a matso iska a cusa cikin jirgin har ta yi kauri kamar ta kan tsauni mai tsawon ƙafa dubu 6 zuwa dubu 8. Injin jirgi da ma aikinsa ke nan, yana zuƙo iska ta gaba, ya matse ta ƙwarai, sannan ya haɗa ta da mai ya ƙone. Sai maƙera suka ga cewa maimakon a ɗora wa jirgi nauyin wata na'ura ta daban, gara a tatsi kaɗan daga iskar da injin ya riga ya matse tun kafin ta isa wurin ƙonewa. Iskar takan fito da zafin da ya haura awo 200, a sanyaya ta, a tura wa fasinja. Tun wajen shekarun 1960 wannan ita ce hanyar da kusan dukkan jiragen fasinja ke bi. Idan jirgi yana ƙasa kuwa, wani ƙaramin inji da ke cikin wutsiyarsa ne ke yin wannan aiki, shi ma da irin wannan tsari.

Dabara ce mai sauƙi da arha, sai dai tana da rauni guda. Sandunan da ke juyawa cikin injin suna buƙatar mai don kada su cinye juna, abin da ke tsakanin wannan mai da iskar fasinja kuwa shi ne marfin da makanikai ke kira sil. Kowane direban babbar mota a Agege ya san abin da ke faruwa idan sil ya ci. A jirgi ma haka ne, illa dai shi sil ɗin jirgi da ƙarfin iska yake riƙe mai, saboda haka ko yana da lafiya yakan ɗan saki a lokacin da ƙarfin inji ke sauyawa, kamar wajen tashi da wajen fara gangarowa. Idan ya tsufa, ko ya tsage, ko kuma mai gyara ya cika mai fiye da ƙima, sai yoyon ya yi yawa. Man da ke motsa ƙafafu da fukafukan jirgi shi ma yakan zuba a kusa da bakin ƙaramin injin wutsiya, injin ya zuƙe shi. Wani lokaci akan ga hayaƙi fari ko shuɗi-shuɗi kamar yadda aka gani a jirgin Fatakwal, amma sau da yawa ba a ganin komai, wari kawai ake ji, wanda ma'aikatan jirgi ke kwatantawa da warin safar da aka daɗe ba a wanke ba.

Akan ce ai jirage suna da matatar iska mai kama ƙwayoyin cuta, kuma gaskiya ne. Amma wannan matata tana kan hanyar iskar da ake sake juyawa ne a cikin jirgi, wadda ta kai kimanin rabin abin da fasinja ke shaƙa. Ɗaya rabin da ke fitowa daga inji ba ya bi ta cikinta kafin ya iso hancin mutum a karo na farko. Haka zalika yawancin jirage ba su da wata na'ura da ke sansano tururin mai a cikin wannan iska. Hancin ma'aikaci shi ne ma'auni. Abin rufe hanci da ke faɗowa daga saman kujera shi ma ba don wannan aka yi shi ba, domin yana gauraya iskarsa da ta cikin jirgi. Matuƙa kuwa suna da wanda ke raba su da iskar jirgin baki ɗaya.

Man injin jirgi ba irin baƙin man mota ba ne. Haɗa shi ake yi a masana'anta don ya jure zafi mai tsanani, kuma ana zuba masa wani sinadari mai hana ƙarfe cinyewa da ake kira TCP, kamar kashi 3 cikin 100. Wannan sinadari dangin magungunan ƙwari ne irin waɗanda manoma ke fesawa a gona, kuma an daɗe da sanin cewa wani nau'insa yana lalata jijiyoyi. A shekarar 1930 dubban mutane a Amurka sun shanye bayan sun sha wani ruwan citta da aka gurɓata da shi. Abin da ya fi kusa da 'yan kasuwar Afirka kuwa shi ne na ƙasar Maroko a 1959, inda wasu marasa tsoron Allah suka sayi rarar man injin jiragen sama da arha, suka gauraya da man girki, suka sayar wa talakawa a Meknes da kewaye. Mutane wajen dubu 10 ne ƙafafu da hannayensu suka shanye. Masu sayen tsofaffin gwangwanaye da durom-durom a kusa da filin jirgi don zuba man gyaɗa ko manja, ya kamata su riƙe wannan labari.

Adalci ne a faɗi cewa wanda ya ci mai a cikin abinci kwana da kwanaki ba ɗaya yake da wanda ya shaƙi tururinsa na minti goma ba, kuma masu yin man sun rage nau'in sinadarin da ya fi dafi ƙwarai da gaske. Sai dai kuma man da ya taɓa ƙarfe mai zafi yakan rikiɗe ya fitar da wasu abubuwan daban, har da iskar nan mai kisa irin ta hayaƙin janareta, wadda ta sha hallaka iyalai a ɗaki rufe a biranen Nijeriya. Alamomin da ake gani nan take ba a gardama a kansu: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, raɗaɗin ido da maƙogwaro, ƙuncin ƙirji, da rikicewar tunani. A watan Nuwamba na 1999 matuƙa biyu na wani jirgi ƙirar BAe 146 a ƙasar Suwidin sun jigata yayin da suke gangarowa birnin Malmo, sai da suka sa abin numfashinsu kafin suka iya sauke jirgin. A watan Disamba na 2024 wani jirgin kamfanin Swiss da ya taso daga Bukares ya yi saukar gaggawa a Graz ta ƙasar Ostiriya bayan injinsa ya lalace hayaƙi ya cika shi, ɗaya daga cikin ma'aikatansa kuma ya rasu a asibiti bayan mako guda.

Inda masana suka rabu shi ne kan illar da ke daɗewa. Tun 1999 wasu masana uku, daga Amurka da Ostireliya da Faransa, suka ba da shawarar a ɗauki abin a matsayin cuta mai zaman kanta, bayan sun ga matuƙa da ma'aikatan jirgi masu fama da mantuwa, da rawar hannu, da kasala, da mutuwar yatsu, har wasu suka rasa lasisin aiki. Majalisar dattawan Ostireliya ta binciki lamarin jiragen BAe 146 ta fitar da rahoto a shekarar 2000, wata ma'aikaciyar jirgi kuma a can ta yi nasara a kotu a kan hayaƙin da ta shaƙa a 1992, ko da yake sai a 2010 shari'ar ta ƙare, bayan shekara 18. A ɗaya ɓangaren, kwamitin masana guba na gwamnatin Ingila ya duba hujjojin a 2007 da 2013, bai ga abin da ya tabbatar da cewa ɗan abin da ake shaƙa shi ne ke haddasa doguwar cuta ba, ko da yake ya yarda cewa masu ƙorafin ba su da lafiya da gaske. Hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Tarayyar Turai ita ma ta fitar da sakamakon awo a 2017 da ya nuna cewa a tafiya ta yau da kullum iskar jirgi ba ta fi ta ofis ko ta gida gurɓata ba.

Kamfanoni sukan kafa hujja da waɗannan rahotanni, amma hujjar ba ta kai inda suke kai ta ba. Awon da aka yi a tafiyar da babu yoyo ba ya faɗin abin da ke cikin iska a ranar da sil ya tsage. Kwamitin na Ingila da kansa ya ƙiyasta a 2007 cewa ana samun irin wannan matsala da injiniyoyi suka tabbatar a tafiya ɗaya cikin dubu 2, ƙorafin matuƙa kuwa ya nuna tafiya ɗaya cikin 100. Ga ɗan kasuwar da ke zuwa Kano sau biyu a wata, wannan ba abin tayar da hankali ba ne, kuma babu dalilin da zai sa ya bar jirgi ya koma hanyar da haɗarinta ya ninka wannan sau da yawa. Amma ga matuƙi da ma'aikaciyar jirgi da ke tashi sau huɗu a rana shekara da shekaru, lissafin dabam ne, kuma lafiyar matuƙin nan ita ce lafiyar duk wanda ke zaune a bayansa. Kamfanin Boeing kuwa, da ya zo ƙera samfurin 787 wanda ya fara aiki a 2011, ya bar tatsar iska daga inji, ya koma matso ta daga waje da na'urorin lantarki. Tsimin mai ne dalilin da ya bayar, amma sakamakon shi ne an raba numfashin fasinja da man inji. Kamfanin jiragen Habasha, wanda fataken Nijeriya masu zuwa Sin da Dubai suka sani sarai, shi ne na farko a Afirka da ya karɓi wannan samfuri a 2012.

A Nijeriya batun ya fi karkata ga kuɗi. Bayan faɗuwar jirgin EAS a unguwar Gwammaja ta Kano ranar 4 ga watan Mayu na 2002, gwamnati ta dakatar da jiragen BAC 1-11, ta kuma sa ƙa'idar hana shigo da jirgin da ya wuce shekara 22. An yi ta muhawara a kan shekarun jirgi tun daga lokacin, alhali sil ba ya duba ranar da aka ƙera jirgi. Binciken da jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta buga a watan Satumba na 2025 ya nuna cewa rahotannin hayaƙi sun ƙaru ƙwarai a can cikin shekarun baya-bayan nan, mafi yawansu kuma a jiragen Airbus A320 ne, waɗanda ba tsofaffi ba ne. Abin da ke hana yoyo shi ne gyara a kan lokaci, gyara kuwa da dala ake yin sa. Kamfanin jirgin Nijeriya yana sayar da tikiti da naira, amma kayan gyara, da hayar inji, da inshora, da babban duba na bayan kowane wata 18 zuwa 24, duk da kuɗin waje yake biya. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana kan naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura naira 1,500. 'Yan canjin Legas sun fi kowa sanin abin da wannan ya yi wa masu shigo da kaya. Kamfanin da ke cikin irin wannan matsi ba zai taɓa wasa da burki ko taya ba, domin doka da ido suna kansu, amma injin da ke ɗan shan mai yana wari jefi-jefi abu ne da ake iya cewa a bar shi sai duba na gaba.

Saboda haka abu na farko da ya kamata Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, ta yi bai buƙatar dala ko ɗaya. Tun 2015 hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fitar da takardar jagora mai lamba 344 a kan yadda za a horar da ma'aikata su gane warin mai, su kuma rubuta rahotonsa a takarda iri ɗaya. Ya dace NCAA ta keɓe wa irin waɗannan rahotanni rajista tasu, ko an ga hayaƙi ko wari kawai aka ji, tare da lambar jirgin da ta injin, ta kuma riƙa bayyana jimillarsu ga jama'a kowace shekara. Injin da sunansa ya fito sau biyu ko uku cikin wata guda ya tona kansa. Wannan ba zai yiwu ba sai ma'aikaci ya tabbata cewa rahotonsa ba zai ci aikinsa ba, a ƙasar da matuƙa da yawa ke zaune babu aiki, kuma nan ne ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi ta NAAPE da ta ma'aikata ta NUATE ke da rawar takawa. Hukumar NSIB, wadda ta gaji AIB bisa dokar 2022, tana binciken manyan aukuwa ne irin na jirgin Fatakwal. Ƙananan da ke zuwa kafin babba su ne ba su da mai tattara su a idon jama'a.

Na biyu shi ne asibiti. Wasu daga cikin abubuwan da ake shaƙa, musamman iskar nan irin ta janareta, suna barin jini cikin 'yan sa'o'i. Wanda ya sauka a Ikeja da ciwon kai, ya shiga cunkoson motoci zuwa Agege, ya sha maganin zazzaɓi ya kwanta, ya je asibiti bayan kwana uku, babu abin da likita zai gani. Ya kamata asibitocin filayen jirgi na Legas da Kano da Abuja su kasance da tsayayyen tsarin duba duk wanda ya sauka daga jirgin da aka ji wari a cikinsa, a kuma ba shi takarda. Takardar nan tana da daraja a gaban alƙali. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Nijeriya ta shigar cikin dokar jiragen samanta tun 2006, ta ɗora wa kamfani alhakin raunin jiki da fasinja ya samu sakamakon haɗari a cikin jirgi, amma ta ba shi shekara biyu kacal ya shigar da ƙara, kuma kotu shaida take nema. Ma'aikata su ma suna da dokar biyan diyya ta 2010, wadda ita ma ba ta aiki sai da rahoto da takardar likita.

Masu kuɗin tafiya su ma suna da ƙarfin da ba su amfani da shi. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, tana ƙulla yarjejeniyar jigilar dubban maniyyata kowace shekara, da yawansu tsofaffi masu hawan jini da ciwon ƙirji, a cikin jiragen da wasu lokuta hayarsu ake yi daga waje na 'yan makonni. Babu abin da zai hana ta sa sharaɗin cewa kowane kamfani ya gabatar da tarihin yoyon mai da warin hayaƙi na jiragen da zai kawo. Kamfanonin shirya Umra, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, waɗanda membobinsu ke sayen tikiti da yawa a shekara, suna iya yin irin wannan tambaya a rubuce ta hannun shugabanninsu da fadar Sarkin Hausawa. Kamfanin jirgi yana iya share ƙorafin mutum ɗaya, amma da wuya ya share wasiƙar ƙungiyar da ke cika masa kujeru a hanyar Legas zuwa Kano.

Shi kuwa fasinja, ba kowane wari ne abin damuwa ba. Ɗan warin kananzir da ake ji lokacin da ake tura jirgi baya ana tayar da inji hayaƙin waje ne, yakan wuce cikin minti kaɗan. Wanda ya kamata a kula da shi shi ne wari mai ɗoyi ko na ƙonannen mai da ke fitowa daga ramukan iska ya kuma daɗe, musamman bayan tashi ko wajen gangarowa. Wanda ya ji shi ya gaya wa ma'aikatan jirgi nan take ba tare da jin nauyi ba, domin matuƙi yana iya rufe iskar injin da ake zargi ya bar ta ɗayan. Ya rubuta lambar tafiyar da lokacin da ya ji warin da lambar kujerarsa, ya adana katin shiga jirgi, ya nemi ganin likita kafin ya fita daga filin jirgin, sannan ya kai ƙorafinsa a rubuce teburin kare haƙƙin fasinja na NCAA.